Maiƙo a Kujerun Motar Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka da keken ɗinkin nan naka da ya raba mu da kai. Yaya ciwon bayan? Na san ba za ka je asibiti ba sai ranar da aka ɗauke ka ranga-ranga, amma dai na tambaya. Mu nan lafiya lau. Maigidana yana gaishe ka. Zafi ya shigo, firjin kowa ya lalace, ana ta kai masa gyara shago, ba na ganinsa sai yamma. Makaranta kuma tana nan, yaran ajina sun kusa ƙarar min da murya.

Baba jikinsa ƙalau. Yana ci, yana barci, hawan jinin ma ya sauka. Tun da muka dawo sashen baya na gidansa bayan rasuwar Mama ni nake ba shi maganinsa da hannuna.

Tambaya ce ta sa na ɗauki biro, kuma ta sana'arka ce, tunda kai ka ɗinka kujerun motar Baba kafin ka tafi. Shin kujerar fata tana bukatar mai kullum? Don kowace safiya, da ya sha shayi, sai ya ɗauki gwangwanin man fata da tsumma ya shige gareji. Zai bi kujerun gaba, ya bi na baya, ya bi jikin ƙofofi, ya fito yana wanke hannu cikin jin daɗi. Gwangwanin da yake shekara yana lallaɓawa ya ƙare, ya aiki mai shagon unguwa ya kawo masa wani, shi ma ya yi rabi.

Kujerun sun yi duhu, sun yi danƙo. Shekaranjiya ya kai ni makaranta, da zan sauka sai da na ɓanɓaro zanena, bayansa duk maiƙo. Malamai suka samu abin dariya, wai ko a kasko na zauna.

Na ce masa, Baba, ba jiya ka shafa musu ba? Ya dube ni ya ce wace jiya, shi rabonsa da shafa musu mai tun bara, ga su nan sun bushe suna neman tsagewa. Na yi dariya don na zaci wasa yake. Shi bai yi dariya ba.

Wataƙila ni ce ban san fata ba. Ka gaya min yadda ake yi. Ka aiko amsar ta adireshin makaranta, don duk takardar da ta shigo gida shi yake fara buɗewa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, na karanta ta a tsaye ina jiran gam ya sha iska. Baya yana nan yadda kika san shi. Ki gaishe da maigidan naki, ki ce masa zafin da yake kashe mu shi kasuwa ya buɗe masa.

Kin tambayi malamin abin, to zauna ki ji. Fata tana son mai, amma kaɗan, kuma ba kullum ba. Sau biyu a shekara ya isa, inda rana take dukan mota sosai a yi uku. Abin da take so a kai a kai shi ne shara. A bi layin ɗinki da burushi mai laushi a fitar da ƙasa, don ƙasar nan ita ke cin zare. Sannan a jiƙa tsumma mai taushi a matse shi sosai a goge. In akwai dauɗa, ɗan sabulu marar ƙarfi, ban da na garin wanki. Sai ta bushe a inuwa kafin a kawo maganar mai. A ɗiba a kan tsumma, ba a kan kujera ba, a fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya gani, a murza a hankali, a bari ta sha, sannan a sa busasshen tsumma a kwashe wanda ya rage. In kika zauna kika tashi da maiƙo, an yi ɓarna.

Motocin yanzu fatarsu da rufi a samanta, man ma ba ya shiga, sai ya kwanta ya tara ƙura. Ta Baba ba haka take ba. Fata ce ta gaske na sa masa, wadda in kika ɗiga mata ruwa sai ta shanye. Duk abin da aka ba ta sha take, har ta kai shi cikin soso. In ya yi yawa sai ta saki, zare ya ruɓe, fumfuna ta kama daga ƙasa. Ki barbaɗa garin sitaci a inda ya fi jiƙewa, ya kwana, ki share, ki maimaita. Zai tsotse wani abu.

Abin da ba a yi ko da wasa: man girki, basilin, man takalmi, kananzir. Kuma ba a kai mai kan sitiyari, ko da an naɗe shi da fata kamar nasa, don santsi. Wannan duka fa a wajen Baba na koya, tun yana tuƙa manajan kamfaninsu, kafin su bar masa motar da ya yi ritaya. Ina yaro na taɓa shafa wa sitiyarin mai don ya yi ƙyalli, har yau ina tuna zafin kunnena.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki. Mutumin da ya koya min ba zai manta ba. Kaɗaici ne kawai. Mama ba ta nan, aiki babu, me kike so ya yi da safiyarsa? Maganar jiya da bara kuwa, tsokanarki yake, ke ce ba ki taɓa gane wasansa ba. Ki ɗauke gwangwanin ki ce ya ɓata, shi ke nan.

Aiki ya yi mana yawa, kujerun manyan motocin wani kamfani muka karɓa gaba ɗaya. Ki gaishe min da Baba da kyau.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da shirun da ka ji, na fara rubuta maka har sau nawa ina yagewa. Mun ɗan yi mura ni da maigidana, ta wuce. Baba lafiya.

Na yi yadda ka ce. Na barbaɗa sitaci, na ɓoye gwangwani. Sitacin ya taso rawaya, na share na sake. Washegari na tarar da kujerun sun jiƙe sabo fil. Ban san inda ya samo wani man ba.

Amma ba kujeru ne suka hana ni sukuni ba yanzu. Ranar nan zai kai ni makaranta, hanyar da yake bi tun ina ɗaliba, muka zo kwanar da ake shiga sai ya miƙe. Na ce Baba ka wuce. Ya ce ya sani. Muka yi ta tafiya har muka kai shataletale, ya zagaya, ya sake zagayawa, sannan ya tsaya cak a tsakiya. Ana ta yi mana hon, wani mai tifa yana zagi. Hannuwansa na kan sitiyari yana kallon gaba. Ya ce da ni a hankali, ina ma za mu? Yaya, ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Da na faɗa masa sai ya ce to ai sai ki yi magana tun ɗazu, ya ja mota kamar ba a yi komai ba.

Bayan nan ya fita shi kaɗai wai zai sha mai, ya dawo madubin gefe yana reto. Ya ce a gareji ya same shi haka, ko maigidana ne ya buge shi da kwandon kayan aikinsa.

Na ɗauke makullin motar. Yana cikin jakata, ina zuwa da shi makaranta. In za mu fita muna sa wa ƙofar gida kwaɗo ta waje, babbar da mota take bi, ƙaramar a buɗe take yana fita masallaci. Ya birkice gidan yana nema, har aljihun rigunan Mama ya duba. Ba ya min magana sai dole.

Maigidana ya ce tunda ganin motar ne yake tayar masa da hankali, a kai ta bayan shagonsa a ajiye, zai riƙa tayar da ita don kada batir ya mutu. Ni dai a ganina motar nan ya kamata ta bar hannun Baba. Kai ne babba, kai yake jin maganarka. Ka rubuto masa.

Auta

*

Auta,

Na samu taki. Ina lafiya. Ina fatan murar ta sake ku.

Na karanta wasiƙarki har sau uku, kuma duk inda na juya ta wuri ɗaya take sauka, bayan shagon maigidanki. Da farko kun dawo sashen baya, na ce madalla, za a kula da tsoho. Yanzu kuma mota ce za ta koma wajensa, zai riƙa tayar da ita. Daga tayarwa sai ɗan zagaye, daga zagaye sai a cire kujerar baya a loda firji. Ba yau na fara ganin irin wannan ba, a wajen aikinmu kullum ana kawo mana motocin tsofaffi da surukai suka gada tun masu su na da rai.

Wa bai taɓa wuce kwana ba? Ni da nake da sauran ƙuruciya na sha shiga shago in manta abin da na je saye. Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa manya bai taɓa goge ko fenti ba, shi za ki ƙwace wa makulli ki sa a jaka tare da alli da jan biro? Har ki kulle masa ƙofar gidansa? Madubi kuma, ya gaya miki wanda ya buge shi, kin zaɓi wanda za ki yarda da shi.

Ba na cewa ke ce kika ƙulla. Kina da tausayi, kuma kina jin maganar miji, shi ke nan. Amma motar nan ita kaɗai ta rage masa da yake cewa tasa. In aka raba shi da ita, kwanciya zai yi, kuma ba zai tashi ba.

Kin ce in rubuta masa, ni ne babba. To na ji. Zan yi abin da ya kamata babba ya yi, ba sai na yi shawara da kowa ba.

Yayanki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan jiki da sauƙi, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ma lafiya, aiki muna ta fama.

Ga ɗan saƙo nan na ba direban bas ya kawo maka hannu da hannu. Man fata ne mai kyau, irin wanda muke sa wa motocin manya. Kaɗan ake sawa, kai ka fi ni sani.

A ƙarƙashin gwangwanin, cikin tsumman, akwai makullin motarka na biyu, wanda ka ba ni lokacin da nake ɗinka kujeru, ya biyo ni cikin kayan aiki. Na ji an ce naka ya ɓata. Ka adana wannan inda kai kaɗai ka sani, ba sai ka nuna wa kowa ba. Motarka taka ce, Baba.

Ka sa ni a addu'a.

Ɗanka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da baya. Mu ma lafiya.

Na yi kuka da na karanta wasiƙarka, ba zan ɓoye maka ba. Ban nuna wa maigidana ba, kuma ba zan nuna masa ba. Mutumin da yake yanke wa Baba farce, shi ka mayar ɓarawon mota. Shi tun farko ya ce in ba a son bayan shagonsa a kai ta ko'ina, ko a cire tayoyin a bar ta a nan. Na bar wannan, Allah ya ga zuciyar kowa.

Da na huce sai na sake karanta ƙarshenta, inda ka ce za ka yi abin da ya kamata babba ya yi. Na gane hutu za ka nema ka zo ka gani da idonka. Wallahi Yaya sai na ji kamar an sauke min kaya. Na gyara maka ɗakinka na da, na shanya katifa.

Tunda kai sai da fata ake yi maka magana ka ji, bari in gaya maka abin da na gani. Ƙofar direba ba ta kulluwa, ka sani, don haka har yanzu yana shiga. Na gano man da yake sawa. Man girkina ne, na ga galan ɗin a bayan tayar safaya. Motar tana warin tsohon kasko. Kujerar direba ta saki, in ka danna da yatsa mai ne yake tasowa ta ramukan zare, ɗinkin gefe ya fara buɗewa, ƙasanta ya yi fari da fumfuna. Sitiyarin yana ƙyalli. Na kama shi da hannu biyu na murɗa, hannuna ya zame kamar na kama sabulu. Kan giya haka. Sai na sunkuya na leƙa ƙasa. Robar birki da ta totur da ta kuloci duk ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har yana ɗiga a kan shimfiɗa.

Na ce Baba, sitiyari fa? Ya ce ai fata ce, fata kuma tana son mai, wa ya koya miki mota?

Sai dai akwai labari mai daɗi. Saƙonka ya iso, direban bas ya kawo ina makaranta. Na gode da ka tuna da shi, duk da dai mai ne abu na ƙarshe da gidan nan yake bukata. Ya nuna min gwangwanin yana ta sa maka albarka. Tun ranar ya canza. Ya daina neman makulli, ko sau ɗaya bai sake tambaya ba. Yana min magana, har da tsokana. Ya sa na wanke masa fararen kayan aikinsa na da, ya goge su da kansa ya rataye a bayan ƙofa, ya goge takalmi. Yana duba ruwan mota da iskar taya. Na ce tafiya za a yi ne, Baba? Ya ce Manaja bai sa rana ba tukuna, amma direban kirki ba ya jira sai an sa rana. Manajan da ya rasu tun ina makarantar sakandare. Na bar shi, tunda abin yana sa shi farin ciki, kuma makulli na jakata.

An ba mu hutu, ina gida yanzu. Mun daina sa kwaɗon nan da ya ɓata maka rai, tunda ya haƙura. Ka faɗa min ranar da za ka taso.

Auta

*

Auta,

Ki bar duk abin da kike yi. Baba yana da makulli. Ni na aika masa, yana cikin ƙunshin da direban bas ya kawo, a ƙarƙashin gwangwani. Na ce masa ya ɓoye kada ya nuna muku. Abin da na ce zan yi ke nan, ba zuwa ba.

Ki mayar da kwaɗo yanzu. Ki ce wa maigidanki ya cire batir ya fita da shi daga gidan, kada ya bar shi a gareji, Baba ya iya mayarwa. Ya sace iskar tayoyin duka. Kada ki tsaya neman makullin, ba za ki same shi ba. In ya yi faɗa ki ce ni na sa, ki nuna masa wannan takardar.

Na buga wayar ofishin makarantarku tun da na karanta taki, tana ta ringin ba mai ɗauka, sai na tuna kin ce an yi hutu. Shi ya sa na ba direban bas wannan ya kai shagon maigidanki.

Da kika ce ya wuce kwana ban yarda ba. Da kika ce ya tsaya a shataletale ban yarda ba. Amma man girki a kan fatar nan, da mai a kan birki, wannan ba Baba ba ne. Da ƙafa a jiƙe ma ba ya yarda a taka masa birki. Takalmi mai santsin ƙasa a kan robar da ta sha mai, ƙafa za ta zame ta faɗa kan totur. Na zauna a gaban keke na kasa zura zare.

Na nemi hutu, maigidanmu na wajen aiki ya ce sai mun miƙa kujerun kamfanin nan. Na ce masa ko ya ba ni ko ya nemi wani. Ya ce in bari ya yi tunani. Ki ba maigidanki haƙuri kafin in zo in ba shi da bakina. Ki rubuto ta hannun direban nan ki ce min kin cire batir.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Baba yana da rai, bari in fara da wannan. Yana ɗakinsa, likita ya duba shi, ba karaya, ba rauni sai ɗan ƙujewa a gwiwa.

Takardarka ta iso shago da rana. Baba kuwa ya fita tun da safe. Na je kasuwa, na bar shi a tsakar gida yana sauraren rediyo, har ya ce in sayo masa reza. Na dawo na tarar da ƙofa a wangale, gareji ba komai sai tabon mai a ƙasa. Fararen kayan ba sa bayan ƙofa. Na zazzage jakata, ga makulli a ciki. Na tsaya ina kallonsa a hannuna kamar wata sakarya, har maigidana ya shigo a guje da takardarka.

Mun bi duk inda muka san yana zuwa. Gidan mai, tsohon ofishinsu, unguwar da Manaja ya zauna. Mai shagon unguwa ya ce ya ga fitarsa, har ya ɗaga masa hannu, ya ce bai taɓa ganin Baba ya yi kyau haka ba. Sai la'asar wani ɗan sanda ya zo gida da takardun motar. Wani mai faci ne a hanyar bayan gari ya kai rahoto, ya ce tun hantsi mota take tsaye gaban rumfarsa da tsoho a ciki, ya ƙi fitowa, ya ƙi shan ruwa.

An ajiye ta daidai a gefen titi, a miƙe, an ja birkin hannu. Amma fitilar gaba ta dama ta fashe, bamba ta lotsa, gilashin gaba ya tsage daga ƙasa. Mai facin ya ce haka ta iso. Ba mu san abin da ya buga ba. Shi ma bai sani ba. Ko bango ne, ko dabba, ko wani abin. 'Yan sanda sun riƙe motar. Maigidana tun jiya yake bin hanyar a kan babur, yana tsayawa yana tambaya ko an kaɗe wani, yau ya fara shiga asibitoci. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai in zaci labarin ne aka kawo.

Ba zan ce maka komai a kan makullin ba. Ka riga ka faɗa wa kanka.

Abu ɗaya nake so ka sani kafin ka zo, don kada ka gani a fuskarsa ka rikice a gabansa. Da muka isa, ba a kujerar direba muka same shi ba. Yana baya, ta gefen da masu gida suke zama. Duk tsawon rayuwata ban taɓa ganin Baba a kujerar baya ba, ko ranar da muka dawo daga asibiti babu Mama shi ya tuƙo mu. Yana zaune a miƙe, hannuwa a kan cinya, farar rigar ta jiƙe da mai har kafaɗa. Makullin yana jikin mota.

Na buɗe ƙofar na ce Baba. Ya dube ni da fara'a irin wadda yake yi wa baƙi, ya ce sannu baiwar Allah, ko kin ga direban motar nan? Ya ce tun ɗazu yake jiransa, kuma mutumin kirki ne, ba halinsa ba ne ya ajiye mutum a hanya ya tafi. Na ce ka zo mu kai ka gida. Ya ce a'a, in direban ya dawo bai same shi ba hankalinsa zai tashi. Sai da ɗan sandan ya ce shi zai tsaya ya faɗa masa, sannan ya yarda ya fito.

Yau da safe ya gane ni, ya kira ni Auta, ya sha maganinsa. Bai tambayi mota ba. Amma da zan fita da kofin ya riƙe min hannu, ya ce in na ga direban nan in gaya masa ba zai kai ƙararsa wajen kowa ba, ya dawo kawai ya kai shi gida.

Ko an ba ka hutu ko ba a ba ka ba, ka taho.

Auta